Ƙeyar da Ta Zaga Unguwa

"Wai ƙeyar wace ce wannan?" Tambayar da wata amarya ta jiyo ke nan a gidan suna, tana tsugune tana wanke-wanke, mata sun yi cincirindo a kan waya ɗaya suna ta ƙyaƙyata dariya. Ashe wata mai kitso ce a unguwar ta fara haɗa man gashi, ta kuma tsiri ɗaukar hoton kan duk wadda ta kwance ɗankwali a gabanta, ta baya, ba tambaya. A ganinta tunda fuska ba ta fito ba, ba ta yi wa kowa laifi ba. Wannan hoton ta ɗora shi ne a intanet don tallar man nata, wai ga irin kan da yake gyarawa: gashi ya zube tas a tsakiya, sai ɗan abin da ya rage gefe-gefe kamar gonar da awaki suka shiga. Daga wayoyin mata ya faɗa na 'yammata, har ya tsallaka majalisar maza. Wata ta ce, "Wannan ai ko ƙuda ya sauka sai santsi ya kwashe shi!" Da wayar ta zagayo hannun amaryar, kallo ɗaya ta yi ta gane mai ƙeyar. Akwai tabon ƙuna a bayan kunnen hagu. Ta san tabon nan, don ita ke zuba wa mai shi ruwa in za ta wanke kai. Maƙwabciyarta ce, wadda zazzaɓi ya kwantar wata uku bayan haihuwa, ya tafi da gashinta. Matar da ko a tsakar gidanta ba ta zama sai da hula a ƙarƙashin ɗankwali.

To, ita amaryar nan wata bakwai ke nan da kawo ta unguwar, ba a taɓa juyowa an saurari bakinta a taro ba. Yau ga magana ta zo mata har leɓe, wadda in ta faɗa kowa sai ya matso kusa da ita. Har ta ja numfashi. Sai ga maƙwabciyar ta fito daga ɗakin mai jego da farantin waina, fuska a sake, tana cewa, "Me ake kallo ba da ni ba?" Amaryar ta kife wayar, ta miƙa wa mai ita, ta ce, "Yaya, ruwan ɗauraya ya ƙare, zo ki kama mini bokiti." Suka nufi rijiya.

Kwana uku aka yi ana cinke. Aka ambaci wance, aka ambaci wance, ba wadda ta dace, sai hoton ya nutse ƙarƙashin wasu sababbi. Da an samu suna, da ya bi matar nan har bikin 'ya'yanta. Mai kitso kuwa mata suka fara tsallake ƙofarta, kowace na cewa yau kan wata, gobe nata. Amaryar ta yi tunanin gaya wa mijinta, ta tuna yana zaman majalisa. Ta yi tunanin gaya wa mai kan, ta ga ba abin da zai ƙara mata sai hana ta fita cikin mutane. Sai ta bar maganar inda take, ba wanda zai ji daga bakinta. Dama Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.