Tsarabar Tsauni

Ka ce mini baƙon nan ya kwanta maka a rai, domin maganarsa da tafiyarsa duk irin na marigayi amininka ne, har kana shirin damƙa masa makullin shago. To, gyara zama ka ji abin da ya sami wani mai lambu.

Mutumin nan lambunsa na cikin wata fadama a gindin tsauni, kuma da lansir aka san shi. Irin da yake shukawa gadon mahaifinsa ne, ga yaji ga ƙamshi, matan garin ba sa yin kwaɗo da na kowa in nasa na nan. Wata shekara ambaliya ta shiga ɗakin ajiyarsa ta tafi da tulun irin baki ɗaya. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Irin kasuwa kuwa ya raina shi, ya ce lami ne. Ana cikin haka ya hau tsauni gaida wata gwaggonsa da ke kiwon awaki a can. Saman tsaunin nan sanyi da iska ba sa barin tsiro ya miƙe, komai a manne yake da ƙasa cikin tsagar duwatsu. A nan idonsa ya faɗa kan wasu 'yan tsirrai masu farin fure, kowane fure bai fi ƙwayar dawa ba, a rabe gida huɗu kamar na lansir. Ya tsinki ganye ya tauna, yaji ya hau masa hanci. Nan take ya yanke cewa lansir ne, sanyi ne kawai ya tsumburar da shi. Murna ta cika shi, ya koma ya ba tsohuwa labari.

Gwaggon ba ta taya shi murna ba. Ta gaya masa masu irin wannan fure a tsaunin sun kai uku, duk farare, duk masu yaji, ita kanta da ta tsufa a cikinsu ba ta iya bambanta su ta fure. Sai furen ya zube, kwanson iri ya fito. Ɗaya kwansonsa faffaɗa ne kamar farcen jariri, shi ne ɗan'uwan lansir. Ɗaya mai kusurwa uku ne kamar 'yar laya, ba ya cutarwa, ba ya amfani. Na ukun kwansonsa siriri ne kamar allura, in ya bushe fashewa yake yi ya watsa 'ya'yansa ko'ina.

"Ɗan nan, ka bari su yi kwanso," in ji ta. "Fure ba ya faɗin sunan uwarsa."

Amma lokacin shuka yana wucewa, shi kuma yana jin mutumin da ya tashi cikin lansir ba ya buƙatar mai kiwon awaki ta nuna masa lansir. Ya yi mata godiya irin ta fatar baki, ya cire tsirran da saiwarsu da ƙasarsu ya cika kwando, ya gangaro. A fadamar tasu akwai al'ada: duk wanda ya samo sabon iri sai ya ɗiba wa maƙwabta, don in nasa ya mutu a samu a wurin wani. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana rabawa, yana cewa irin baba ne Allah ya mayar masa. Suka karɓa da hannu biyu, domin a kan lansir ba a taɓa kama shi da kuskure ba.

Tsirran suka ji ruwa da taki suka yi kyau. Fure ya zube, sai ga allurai tsaye. Ya gani, ya tuna maganar gwaggonsa, amma kunya ta hana shi buɗe baki, ya ce wa kansa wataƙila canjin ƙasa ne. Da ya tumɓuke su a lokacin, da abin ya tsaya nan. Kwanson ya bushe, ya shiga fashewa, ruwan ban-ruwa ya kwashi 'ya'yan ya bi kowace kwata ya kai su kowane fage. Suka tsiro cikin karas, cikin latas, cikin albasa. Ganyen ƙanana ne, ba mai saye. Ka sa hannu ka cire, ka taɓa kwanso, ya fashe maka a tafin hannu ya sake shuka kansa. Masu lambu suka raɗa wa ciyawar suna tsarabar tsauni, kuma in suna duƙe suna cirewa ya zo wucewa, sallamarsa ma da ƙyar ake amsawa.

Da shekara ta zagayo ya sake hawa, wannan karo a kan lokaci. Gwaggon ta kai shi wurin da ya yi haƙa. Ramukansa na nan, kuma dab da su ga mai faffaɗan kwanson ya nuna, yana jiran mai ɗiba. Ya ɗebo irin na gaskiya ya sauko da shi, amma babu fage mai tsabta da zai zuba shi, kuma duk fadamar ba wanda ya yarda ya sake miƙa masa hannu.

Saboda haka riƙe makullinka tukuna. Ban ce baƙonka mugu ne ba, ban san shi ba, kai ma ba ka san shi ba. Furensa kawai ka gani. Hausawa sun riga sun gama magana: kama da wane ba wane ba ne.