Bokiti na Uku

Tun da rabon ruwa ya koma hannun injin caca, kullum da safe mutanen unguwa kan yi layi su ja shi. In hotunan bokiti uku suka jeru a gilashin injin, famfo ya buɗe maka.

Yau ce jarrabawar ƙarshe ta Barau, mai koyon gyaran injin. Maigidansa Malam Mantau ya ce, "Saita shi yadda bokiti na uku zai riƙa tsayawa saura ƙiris. Wanda ya faɗi da nisa fushi yake yi. Wanda ya kusa ci kuwa, da murmushi zai dawo gobe."

Barau ya saita, ya rufe murfin.

Ta farko a layi Gwaggo Lantana ce, wadda ta goya shi. Ta yi bismilla ta ja. Biyu suka jeru, na uku ya leƙo ya tsaya.

Ta yi dariya, ta ɗauki jarkarta wayam. "Barau, ka gani? Sa'ata ta fara matsowa. Allah ya yi maka albarka."

Malam Mantau ya miƙa masa makullin injin. "Ka ci jarrabawa. Amsa mata mana."

Barau ya buɗe baki, amin ɗin ya ƙi fitowa.