Hular Bakwaini

Faya ta fashe mata a tsakiyar kasuwar Wuse, amma jakarta ta fara dafewa kafin cikinta. A ciki akwai wata 'yar hular ulu wadda da ƙyar za ta rufe lemon zaƙi.

Da hannunta ta saƙa ta. Jarirai biyu sun sa hular, dukansu bakwaini, dukansu a cikin kwalbar asibiti, kuma babu wanda ya kai ranar suna.

Da ta samu ciki na uku, likita ya ce a riƙa yi mata allura duk mako, mai sinadarin da ke taimaka wa mahaifa ta riƙe ɗa. "Ban yi miki alkawari ba," in ji shi. "Gwadawa za mu yi."

Kowace Talata sai ta gangaro daga tudun Mpape a yi mata allurar, har ƙugunta ya kumbura, zama ya gagare ta. Cikin ya doshi wata tara, amma zuciyarta ta tsaya cak a na bakwai. Ko zanen goyo ta ƙi saya.

A ɗakin haihuwa ta ji kuka, ta ƙi buɗe ido. Na baya ma ai sun yi kuka.

"Sista, hularsa na cikin jaka," ta ce wa nas. "Sa masa kafin ku kai shi kwalba."

Nas ta gwada, ta ja, ta sake ja.

"Wace kwalba, madam? Hular nan ta yi masa kaɗan."

Sai a lokacin ta buɗe ido.