Hannun da Ya Fi Rauni

Baffa ya riga ya sa jakar tefillin ɗin Abba a hammata lokacin da na tare ƙofa.

"Ajiye masa kayansa."

"'Yar jami'a, hannunsa na dama ya shanye, da me zai ɗaura? A kai majami'a wani ya amfana."

Shekara arba'in Abba yana ɗaura su kowace safiya a gidan nan namu na Melbourne, ban da Asabar da ranakun idi. Ƙananan akwatunan baƙar fata ne guda biyu masu ayoyin Attaura a ciki, ana ɗaura su da igiyar fata lokacin addu'a, ɗaya a goshi, ɗaya a damtsen hagu. Na gaya wa Baffa cewa doka ba hagu ta ce ba, hannun da ya fi rauni ta ce.

"Mace ce za ta koya mini doka?"

"Wadda ta karanta, Baffa."

Na kai su wurin marubucin Attaura ya juya ƙullin igiyar zuwa dama. Wata tara ke nan ina ɗaga hannun da ya mutu, ina naɗa igiyar fatar sau bakwai, Abba yana jan addu'a da rabin baki. Baffa ya daina amsa gaisuwata.

Yau Abba ya ce, "Ƙara tsukewa, ba na ji."

Na tsuke, bai ji ba. Da na warware, ya daɗe yana kallon sawun da igiyar ta bari a fatarsa.

"To," ya ce, "har yanzu hannuna ne."