Hasken da Ya Kayar da Alhaji Sadisu

"Ba zan haska maka fuska kai tsaye ba, Alhaji," in ji Hinda.

Alhaji Sadisu, ɗan kasuwa mai neman kujerar majalisar gari karo na uku, ya gyara hula. "Yarinya, haka ake yi mini. A dalle ni da fitila in fito fari tas."

"Wannan ba hoto ba ne, wanki ne," in ji Hinda.

Shekara biyu ta yi tana koyon aikin ɗaukar hoto a Damagaram, tana shan dariyar maza. Ba yau za ta ɓata hannunta ba. Ta ciro fitilar daga kan kamara, ta rage ƙarfinta, ta juya ta ga farin bango. Haske ya dawo a tausashe ta gefe. Komai ya fito: idanu, murmushi, har tsagar kumatunsa da fitila ta saba shafewa.

Alhaji ya duba, ya lumshe ido. "Ashe haka nake da kyau? A buga ɗari biyar."

Ranar kasuwar Dungas, manoman ƙauye suka yi cirko-cirko gaban hoton da aka manna.

"Tanko, wannan ba shi ya sayar mana da taki haɗe da yashi ba?"

"Shi ne, ga tsagarsa nan. Ashe shi muke ta zaɓa?"

Da aka yi zaɓe, Alhaji ya faɗi warwas.

Tun ranar, babu ɗan takarar da ya sake taka shagon Hinda. Kamararta na nan cikin jaka. Gyaɗa take sayarwa.