Direbar Juma'a

Yau ba a wajen ajiye motoci ya iske matarsa ba. A bakin jirgin ƙasan da zai koma Paris ya gan ta tsaye, da akwati a hannu.

Shekara bakwai ke nan, duk Juma'a jirgin ƙasa mai gudun tsiya yake dawo da shi daga aikinsa na Paris cikin awa ɗaya. Ita kuwa sai ta rufe shagon burodinta tun azahar, ta yi tuƙin awa biyu zuwa wannan tasha da aka dasa a tsakiyar gonakin alkama don ɗauko shi. A gaban abokai shi ke cika baki: "Ni da gida yanzu ai taku ɗaya ne!"

"Ke, ina motar?" ya tambaya, idonsa a kan agogo.

Ta ɗora masa mukulli a tafin hannu. "Tana waje, ranka ya daɗe. Na cika mata mai."

"Kin san ban iya tuƙi ba!"

"Ina ka ga lokacin koyo, babban mutum kamarka?"

Ta haye jirgi abinta.

"To, ni yaya zan je gida?"

"Akwai bas," ta ce, ƙofa tana rufewa. "Ranar Litinin take zuwa."