Mai Ɓata Kiɗa

"Wane ne yake wulaƙanta ganga haka?"

Tsohon makaɗin ya toshe kunnuwansa da matashin kai. Tun da aka yi masa aikin zuciya ya ƙi sauka daga gado don tsoro, duk da likita ta ce tafiya ce sauran maganinsa.

"Masu jinya da kiɗa ne, Baba," in ji 'yarsa. "Wai yana kwantar da zuciya."

"Wannan tsayar da ita zai yi."

Kiɗan ya sake kaucewa. Haƙurin Baba ya ƙare. Ya zura takalmi, ya dafa bango, yana tafe yana mita har ƙarshen baranda, ya tura ƙofa.

Babban ɗansa ne rungume da ganga, wanda ya gaje shi a sana'ar, gumi ya jiƙa masa riga.

"Kai? Haka na koya maka?"

"Wallahi Baba, ɓata kiɗan nan ya fi kaɗa shi daidai wuya."

Likita ta leƙo tana murmushi, ta dubi ɗan.

"Gobe a bene za ka kaɗa."